Queen Amina ta Kakuri

Wallahi ranar Asabar da na raka Goggona taron tsofaffin ɗalibai na Queen Amina College da ke Kakuri Kaduna na sha mamaki, mata masu jikoki wasu har da sanda amma da aka fara waƙar makaranta kowa ta miƙe tsaye kamar 'yan aji ɗaya.

Makarantar nan fa tun 1940 take, sistocin Katolika ne suka kafa ta, lokacin sunanta Queen of Apostles College, sai da gwamnati ta karɓe makarantun mishan a 1972 aka sa mata sunan Sarauniya Amina ta Zazzau, kamar yadda St. John's ta koma Rimi College. Goggo ta ce lokacin da za a kai ta sai da aka yi rigima a gida, 'yan uwa na cewa ina za a kai 'ya mace makarantar kwana, Baba Malam ya ce sai ta je.

Ni abin da ya fi burge ni, wata Hajiya ta hango wata mata 'yar Kudancin Kaduna ta ruga ta rungume ta tana kuka, wai ita ce uwar ɗakinta a makaranta, ita ta koya mata gyaran gado saboda duba ɗakuna na safiyar Asabar, tana ɓoye mata garin kwaki da suga a akwati. Suka zauna suna ta musu kan gidan da ya fi cin gasar guje-guje, har aka tashi ba wadda ta yarda.

Wa ya yi Queen Amina a nan? Wace shekara?