Tarihin Rayuwata, Kashi na Sha Ɗaya: Man da Ke Tsare Wuƙa Daga Tsatsa

A makon jiya na tsaya a inda na baro maƙerar mahaifina a Tahoua, na sauka Yamai wurin kawuna mai rumfar wuƙaƙe da adduna a kasuwar Katako. Aikin farko da ya ɗora mini shi ne kula da wuƙaƙen da suka yi kwantai bayan layya, waɗanda sai sun jira shekara guda kafin kasuwarsu ta dawo, kuma a wannan jiran ne ribar mai rumfa take tsira ko ta salwanta.

A gida, mahaifina kitsen rago yake goga wa ruwan wuƙa in ya gama ƙira, kuma ban ga laifinsa ba, domin iskar Adar busasshiya ce mafi yawan shekara, sannan wuƙar da ke aiki kullum, ana wankewa ana wasawa, tsatsa ba ta samun wurin zama a jikinta. Yamai kuwa tana bakin kogin Isa, ruwan samanta ya fi na Tahoua, kuma a 2018 da 2019 layya ta faɗo cikin watan Agusta, tsakiyar damina, lokacin da ko gishiri a kwano jiƙewa yake yi. Wuƙaƙenmu daga ƙarfen sifirin na tsofaffin motoci ake ƙera su. Mahauta sun fi son su saboda suna ɗaukar kaifi su riƙe shi, sai dai ba su da kariyar wuƙar inoks, wato wadda ba ta saurin tsatsa, domin aƙalla kashi 10.5 cikin 100 na ƙarfenta sinadarin kiromiyam ne. Na sha ganin shatin yatsan mai taya kaya ya fito ja-wur a kan ruwan wuƙa bayan kwana biyu, har layukan fatar ana iya ƙirgawa, saboda gishirin da ke cikin gumi kawai.

Abin da kowa ya fi saurin kai wa hannu shi ne man gyaɗa, tunda yana nan a madafa. Ga wuƙar da za a ɗauko gobe ko jibi ba shi da aibu, amma in aka ajiye shi watanni, iska tana cin sa a hankali har ya yi wari, ya daskare ya zama danƙo mai ruwan ƙasa, ƙurar hunturu ta manne a kai, wanda sai da ruwan zafi da toka da ƙarfin hannu yake fita. Man ja da man shanu da kitse duk hanyarsu ɗaya ce, domin in sun lalace tsami suke saki, tsami kuwa abokin tsatsa ne.

Wasu ƴan kasuwa suna tsoma wuƙaƙe cikin baƙin man da aka juye daga injin mota, wanda ake samu kusan kyauta a gareji. Gaskiya yana hana tsatsa, amma cike yake da dattin ƙarfe da gubar ƙonewar fetur, kuma har yau raina yana ɓaci in na ga an sayar wa magidanci irin wannan wuƙa ya je ya yanka ragon da iyalinsa za su ci. Kawu ya yanke mini magana tun ranar farko, ya ce, "Ɗana, duk man da ba za ka yarda ya shiga cikinka ba, kada ka shafa wa wuƙar yanka." Wannan ƙa'ida ta fitar da man fesawa na WD-40, wanda aka haɗa a Amurka a 1953 don korar ruwa daga jikin ƙarfe, yana kwance ƙusar da ta cije, amma ba na abinci ba ne, kuma ruwa-ruwa ne da ba ya kai shekara a jikin wuƙa. Man keken ɗinki ma mun bar wa almakashi da kwaɗon ƙofa.

Wanda muka tsaya a kai shi ne man farafin na farmasi, wanda ake sayar wa masu fama da taurin ciki. Fari ne tas, ba shi da wari ba shi da ɗanɗano, kuma da yake daga ɗanyen man fetur aka tace shi har ya kai a sha, ba ya lalacewa kamar man tsiro. Ɗigo biyu ko uku a farin tsumma sun ishi babbar wuƙa, a goga har ta yi ƙyalli ba tare da man yana zuba ba. Ga kayan da za su daɗe ƙwarai, kawu yakan narka ɗan kakin zuma a cikinsa ya yi kauri kamar man shafawa, ya cusa shi sosai a inda ruwan wuƙa ya shiga ƙota, domin a nan jini da ruwa suke maƙalewa.

Mai kuwa ba ya amfani a kan jiƙaƙƙen ƙarfe, sai ma ya rufe laimar a ƙasansa. Don haka sai an wanke da sabulu, an tsane, an shanya a rana har ƙarfen ya ɗauki zafi kafin a shafa. Kube ma ba ɗakin ajiya ba ne, duk da kyan aikin dukawanmu: fata tana jan laima, kuma bagaruwar da aka jeme ta da ita, in ta haɗu da ƙarfe mai danshi, baƙaƙen tabo take bari. Mukan naɗe kowace wuƙa a takarda mai tsabta, mu jera su a akwatin ƙarfe da aka ɗora kan katako nesa da ƙasa, kubannin kuma a rataye su daban. Da damina ta ɗauke sai a buɗe akwatin, a duba ɗaya bayan ɗaya, a sabunta man.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda kawu ya zaunar da ni gaban dutsen washi, da mahautan da suka fara kawo mini aiki da asuba.