Abin da huhun ɓera ya koya mini

A ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki, sabon magani yana fara haɗuwa da bakteriya ne a cikin faranti. Idan ya kashe su, murna takan kama kowa, musamman idan Klebsiella ce ko Acinetobacter, waɗanda suka daina jin ko da carbapenem, rukunin magungunan kashe bakteriya masu ƙarfi. Shekarun da na yi a wannan aiki sun koya mini in jira har sai maganin ya shiga huhu.

Maganin daptomycin ne ya fi zaunar da wannan darasi a kaina. A faranti yana kashe bakteriyar nimoniya sarai, kuma Amurka ta amince da shi a 2003 don cututtukan fata. Amma da aka gwada shi a kan masu ciwon huhu, bai kai ceftriaxone, maganin da aka saba amfani da shi, ba. Sai a 2005 bincike ya bayyana dalili: wani ruwa mai maiƙo da ke shafe a cikin huhu, wanda ke hana shi manne wa juna, shi ke kama maganin ya kashe masa ƙarfi. A huhun ɓeraye ma haka aka gani. Colistin kuwa, da ake komawa gare shi idan komai ya ƙi, ba ya isa huhu da kyau idan ta jini aka ba da shi.

Shi ya sa nake girmama gwajin ɓera. Mukan rage masa garkuwar jiki da maganin cyclophosphamide, mu ɗiga masa bakteriya ta hanci, bayan awa 24 mu ƙirga abin da ya rage a huhun. Sai dai ɓera yana fitar da magani daga jikinsa da sauri fiye da mutum, don haka dole a tsara allura yadda za ta kwaikwayi jinin ɗan Adam. Wanda ya yi sakaci a nan, sakamakonsa zai yi kyau a takarda kawai.

Kuma rai ne a hannunmu. Ba na sa ɓera ko ɗaya a gwajin da ban tsara shi da kyau ba, kuma da zarar numfashinsa ya yi nauyi, ba ma barinsa ya wahala.

Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna bijire wa magani da bakteriya ke yi ya kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, a Afirka ta Yamma abin ya fi muni. Sabbin magunguna irin su zosurabalpin, wanda ya yi aiki a huhun ɓeraye masu Acinetobacter, su muke jira mu ga yadda za su yi a jikin mutane.