Yadda nake laluben kiɗa da waƙar Hausa a katalog ɗin laburare

Mutane da yawa in ka ce musu akwai waƙa a laburare sai su yi maka wani irin kallo, su a tunaninsu laburare wajen littafi ne kawai da ɗalibai masu barci a kan tebur lokacin jarrabawa. To akwai fa, kuma ba kaɗan ba. Akwai faifan garmaho, akwai kaset, akwai tef irin na da mai zagaye, akwai kundayen digiri da aka rubuta baitocin waƙoƙi cur a bayansu, har da hotunan makaɗa. Matsalar ita ce in ka buɗe katalog ɗin babban laburare a intanet, wato jerin bayanan abin da ke ajiye a ciki, ka rubuta "Shata" ko "Ɗanƙwairo" abin da zai fito maka ɗan kaɗan ne, wani lokacin ma ba komai, sai mutum ya rufe ya ce ai dama na faɗa Turawa ba su san mu ba. Alhali kayan suna nan, ba da sunan da kake kira aka ajiye su ba ne kawai.

Dalilin kuwa shi katalog an gina shi ne a kan abu huɗu, wa ya rubuta, mene ne sunan abin, wa ya buga, wace shekara. Wannan ya dace da littafi, ya kuma dace da kiɗan Turawa na gargajiya da ake rubutawa a takarda. Amma waƙar baka tamu fa? Ita ba ta da suna guda tsayayye. Wani zai kira ta da sunan wanda aka yi wa, wani da amshinta, wani da layin farko, mai sayar da kaset kuma ya raɗa mata nasa sunan a jikin kwali. Sannan mawaƙi zai iya yin waƙa ɗaya yau a fada, gobe a gidan biki, jibi a gidan rediyo, kowacce da ƙari da ragi, to wacce ce ta asali? Ma'aikacin laburare da ke zaune a Landan ko Washinton da tef a gabansa ba shi da amsar wannan, don haka sai ya kama abin da yake da tabbas a kai, wato sunan wanda ya ɗauko waƙar. Shi ya sa in kana son ganin mawaƙan Hausa a katalog, sau da yawa sai ka bi ta sunan Baturen da ya riƙe makirfo.

Ba daɗin ji, na sani. Ni ma abin yana sosa min rai, mutum ya yi shekara arba'in yana kiɗa amma a kati sunansa na can ƙasa cikin ƙananan bayanai, ko ma babu shi sam. Amma tunda haka aka tsara, gara mutum ya san sunayen. David Ames ya yi aiki a Zariya farkon shekarun 1960, ɗaukar da ya yi ta fito a faifai guda biyu cikin jerin faya-fayen kiɗan Afirka na UNESCO. Anthony King shi kuma Katsina ya zauna, ya yi nazarin kiɗan fada da na bori. Su biyun ne suka haɗu suka fitar da ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa a 1971, jami'ar Northwestern ta Amurka ta buga, kuma wallahi har yau in kana son sanin bambancin kotso da taushi da jauje a rubuce, nan ne farkon zuwa. Fremont Besmer Kano ya yi, kiɗan fadar sarki da na 'yan bori. Ta ɓangaren Nijar akwai Tolia Nikiprowetzky da ya ɗauki makaɗa aka fitar a faifan kamfanin Ocora na Faransa, sai Veit Erlmann Bajamushe da ya yi rubutu a kan matsayin kiɗa a zamanin jihadin Shehu, littafin ya fito a 1986. In ka sa kowane ɗaya daga cikin sunayen nan a WorldCat, wato katalog ɗin da ya tattaro na dubban laburare a duniya wuri guda, za ka ga abubuwa sun fara zubowa. Daga nan kuma sai ka danna kan maudu'in da aka liƙa wa kowane abu, shi zai kai ka ga 'yan'uwansa da ba ka ma san da su ba.

Maganar maudu'i, akwai wasu 'yan kalmomi da manyan laburare suka yarda da su, kuma da Turanci suke, dole haka za ka rubuta su. "Songs, Hausa" da "Folk songs, Hausa" da "Hausa poetry" su ne na fi amfani da su. A wasu katalog ɗin kuma akwai wajen zaɓar harshe, lambar Hausa a tsarinsu ita ce hau, in ka zaɓe ta sannan ka ce sauti kawai kake so ban da littafi, to ka rage wa kanka wahala sosai.

Sai rubutun suna, nan ne ake shan dambe. Faransawa Haoussa suke rubutawa, Jamusawa Haussa, kuma katalog ba ya tunani, abin da ka ba shi shi zai nemo. In ka tsaya a kan Hausa kaɗai ka bar kusan duk abin da aka ɗauka a Maraɗi da Damagaram da Tawa a baya, don yawancinsu da Faransanci aka shigar da su, garuruwan ma Zinder da Tahoua za ka gani. Ɗan Gurmu na Nijar Dan Gourmou yake a wajensu. Ɗan Maraya Jos wani wuri a rabe, wani wuri a haɗe Danmaraya, wani wurin kuma a fara da Alhaji ko Adamu, wato sunansa na yanka, kamar shi ne sunan mahaifi. Shata ma haka, Mamman, Muhamman, Muhammadu, kowa da yadda ya ji. Ga kuma haruffanmu masu lanƙwasa, wani katalog ɗin yana ɗaukar ƙ da k abu ɗaya, wani kuma a'a, don haka waƙa da waka sai su ba ka sakamako daban-daban, kuma tsofaffin littattafai ma ɗigo ake sa wa harafin a ƙasa ko a sa masa alama a gefe. Ni dai abin da nake yi, kowane suna sai na juya shi ta duk fuskar da zan iya tunani kafin in ce babu. Aiki ne kamar tsintar tsakuwa a shinkafa, ba wuya gare shi ba sai dai cin rai.

Wani abin da ya kamata a gane shi ne yadda aka raba kantocin littattafai. Jami'o'inmu da yawa tsarin laburaren majalisar dokokin Amurka suke bi, mai haruffa. A wannan tsarin M na kiɗan ne kansa, ML na littattafan da ke magana a kan kiɗa, MT na koyar da shi. To amma harshen Hausa da adabinsa suna can wani wuri daban, PL8231 zuwa PL8234. A ɗaya tsarin kuma na Dewey mai lambobi zalla, kiɗa yana 780, adabin Hausa yana 893.72. Mu a wajenmu waƙa waƙa ce, ta Aƙilu Aliyu da aka rubuta da ta Narambaɗa da aka rera da kotso duk sunansu ɗaya, amma shi tsarin laburare sai ya tilasta wa ma'aikaci ya zaɓa, wannan adabi ne ko kiɗa? Kuma da yake yawancin waɗanda suka yi nazarin mawaƙanmu a gida 'yan sashen harsunan Najeriya ne ba 'yan sashen kiɗa ba, sai ka tarar aikinsu ya faɗa ɓangaren adabi. Mutum zai je kantar M ya ga ba komai sai littattafan fiyano, ya juya ya tafi, bai san abin da yake nema yana can wani lungu kusa da littattafan nahawu ba. Ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na jami'ar Bayero a kan makaɗa da mawaƙa, misali, in za ka neme su to ka duba ɓangarorin biyu duka kar ka tsaya a ɗaya.

Kayan kiɗa ma hanya ce mai kyau. Kalangu, kotso, taushi, kukuma, goge, gurmi, garaya, kuntigi, algaita, kakaki, tambari, duk ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. In ka san kowane mawaƙi da abin kiɗansa, Shata da kalangu, Ɗanƙwairo da kotso, Ɗan Maraya da kuntigi, Garba Supa da kukuma, Haruna Uji da gurmi, Barmani Coge da ƙwarya, to ko ba a rubuta sunan mutum ba kana iya zargin ko shi ne daga abin kiɗan da garin da shekarar. Sai dai wasu masu shigar da bayanin ba su rubuta sunan Hausar ba, siffanta abin suka yi da Turanci, kalangu ya zama "hourglass drum", goge da kukuma suka zama "one-string fiddle", gurmi da garaya duk aka haɗa su aka ce "lute". Haushi dai, amma su ma sai ka gwada su.

Kuma don Allah kar ka tsaya a layin farko na sakamako, ka buɗe cikakken bayanin. Can ƙasa akwai wajen da ake jera abin da ke cikin faifai ko tef, da wajen da aka ɗauka, da ranar, wani lokaci har da sunayen 'yan amshi. Faifan da aka rubuta wa kiɗan Najeriya kawai a sama, in ka sauka ƙasa sai ka ga ashe rabinsa a fadar Zazzau aka ɗauka. Nan ne ainihin naman yake.

Kundayen digiri kuwa su ne abin da aka fi rainawa kuma su suka fi amfani. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a jami'ar Indiyana, tun mawaƙin yana tsakiyar tashensa, shekara 24 kafin rasuwarsa a 1999. Bayan shi ɗalibai ba iyaka a Zariya da Kano da Sakkwato sun yi rubutu a kan mawaƙan garuruwansu, wasu mawaƙan ma ba su taɓa shiga situdiyo ba, ɗalibin ne ya bi su ƙauye da rikoda ya zauna ya rubuce baitocin. Irin waɗannan kundayen da yawansu ba za ka gan su a intanet ba. Sai ka je da ƙafarka, ka ja durowar kati ta katako, ko ka duba rajistar sashe, ko kuma, wanda ya fi duka sauri, ka gaida dattijon da ya daɗe yana aiki a wajen ka ce Baba ina neman abin da aka rubuta a kan mawaƙan noma na ƙasar Zamfara. Sau da yawa ba zai ko duba kati ba zai miƙe ya ɗauko maka. Gidan Arewa da ke Kaduna, wato cibiyar binciken tarihi da aka kafa a 1970, shi ma wajen leƙawa ne in tarihin waɗanda aka yi wa waƙar kake bi, don waƙar sarauta in ba ka san sarkin da zamaninsa ba rabin maganar ta wuce ka. A Yamai kuma akwai cibiyar CELHTO da aka kafa musamman don adabin baka.

Abu na gaba, ganin abu a katalog daban, jin sa da kunne daban. Wasu an mayar da su dijital kana iya saurara daga wayarka, wasu sai kana cikin ginin, wasu sai ka rubuta takarda ka faɗi abin da za ka yi da su saboda haƙƙin mallaka. Intanet ɗin ma ba abin dogaro ba ce ɗari bisa ɗari, a watan Oktoban 2023 'yan kutse suka afka wa babban laburaren Birtaniya, wanda yana cikin masu manyan rumbunan sauti a duniya, aka daɗe katalog ɗinsu bai dawo daidai ba. Shi ya sa duk abin da na gani mai amfani nan take nake kwafe lambarsa da sunan da aka ba shi da sunan wanda ya ɗauka a littafina, ba na cewa bari sai gobe na dawo.

Gaskiyar da ba a so a faɗa kuma ita ce mafi yawan waƙoƙinmu ba su taɓa shiga kowane katalog ba. Suna gidajen rediyo, suna hannun masu sayar da kaset da yanzu suka koma tura waƙa a memori, suna cikin akwatunan iyalan mawaƙa da na masoya. Mai tura waƙa a kasuwa zai iya gaya maka wannan ta gidan rediyo ce, waccan ta bikin wane ce, daga jin bugun farko, abin da babu wani farfesa a Turai da zai iya. Sai dai iliminsa a kansa yake, babu shekara a rubuce, babu wuri, kuma fayil ɗin da zai tura maka sunansa Track 07. Su can masu laburaren ƙasashen waje suna da rana da wata da sunan gari amma ba su san mawaƙin ba, mu nan mun san mawaƙin da wanda aka yi wa waƙar da dalilin yin ta amma ba mu rubuta ba.

Don haka in ka ci karo da wani rikodin da aka rubuta ba a san mawaƙi ba kuma kai ka gane muryar, ko ka ga an rubuta sunan gari ba daidai ba, kusan kowane babban laburare yana da wajen tura saƙo a shafinsa. Ka sa lambar abin, ka faɗi abin da ka sani da yadda aka yi ka sani, ko amshin ne ka gane, ko sunan basaraken da ake yabo, ko kana da kaset ɗin irinta a gida. In neman kwafi kake yi ma haka ne, lambar ce abu na farko da za su tambaye ka, sannan ko don karatu kake so ko don watsawa, kuma amsar tana iya ɗaukar makonni kafin ta zo, don haka in kundi kake rubutawa ka tura da wuri.