Sabis ya kai ɗakin Umma

Asabar. Ƙarfe goma na fita kasuwar wayoyi ta Farm Centre a Kano na sayo rautar nan, wato na'urar da ke raba sabis ɗin intanet a gida, da na daɗe ina cewa zan saya, da kebul mita 30. Rana kamar ta fasa kai.

Kun dai san matsalar, sabis ɗin rautar falona ba ya kaiwa ɗakin Umma, bango uku ne tsakaninmu. Auta ya hau tsani ya ja kebul ta ƙarƙashin rufin baranda, ni kuma na zauna da kwamfuta. Da farko a ramin WAN na sabuwar rautar, wato ramin da intanet ke shigowa daga waje, na soka kebul ɗin. Wayoyi suka kama, amma daga can ba a ganin firinta, domin sabuwar ta ware nata rukunin na'urori daban da na tsohuwar. Sai na sake lale. Na mai da adireshinta 192.168.1.2 tunda tsohuwar na kan 192.168.1.1, na kashe mata DHCP, wato tsarin raba adireshi kai tsaye, don kada su biyun su riƙa raba wa wayoyi adireshi suna karo, sannan na dawo da kebul ramin LAN, wato ramin haɗa na'urorin cikin gida. Suna ɗaya na ba su da kalmar sirri ɗaya, tsohuwar a tasha ta 1, sabuwar a ta 11. Ana kiran la'asar aka ɗauke wuta, inbata ta riƙe.

Na miƙa wa Umma wayarta, sabis a cike. Ta kira Yaya a Jidda, hoto tar, ba ya tsayawa. Ta yi ta sa mini albarka. Sai ta ce, "To shi ke nan, yanzu ba sai na riƙa zuwa falo ina takura muku ba."

Na ce, "Haba Umma, wace irin takura?"

Ta ce, "Kai dai je ka huta, ka sha aiki."

Maganar nan ta tsaya mini a rai tun ɗazu. Kusan shekara biyu ke nan, kullum bayan isha'i sai ta taho da carbinta ta zauna a kujerar bakin taga, ta kira Yaya, in sun gama kuma ba ta tashi. Yara su haye ta, maman yara ta kawo shayi, ta ɗauko mana labarin Fagge na da. Ni gwiwarta nake tausaya wa, da duhun tsakar gida, shi ya sa na matsu in sayo abin. Yaushe ta fara ganin kanta a matsayin mai takura mana? Ko wani abu ta gani a fuskata ranar da na dawo a gajiye?

Yau ba ta zo ba. Ƙaramar ta tambaye ni sau biyu ina Hajiya. Ina jiyo dariyarta daga can ita da Yaya. Maman yara ta zuba shayin a fulas ta aika mata.

Ban ba Auta kuɗin ƙusa ba, sai gobe.

Sha ɗaya ta wuce. Umma ta kashe fitilar ɗakinta, koren hasken rautar kawai nake hangowa ta taga.