TARIHIN RAYUWATA (Kashi na 9): Zamanin da Kowane Gauta ya hana shagonmu tashi da wuri

Assalamu alaikum jama'a, makon jiya na tsaya a inda Baba ya damƙa ni a hannun wani tela a Fagge, to yau zancen rediyon shagon zan yi muku, don wallahi rabin siyasar da na sani a kan keken ɗinki na koye ta.

Sanda na je, rediyon nan gida uku kawai ta sani, Rediyon Kano, Rediyon Kaduna, sai BBC in lokacinsu ya yi maigida ya ja eriya yana murɗa gajeren zango. In talaka na son a ji ta bakinsa sai dai ya rubuta wasiƙa ya kai gidan waya ya zauna jira. GSM ta shigo a 2001 amma layi ma a lokacin sai mai hali.

Ƙarshen 2003 aka buɗe Freedom Radio a Sharaɗa, mita 99.5, Malam Shekarau bai daɗe da hawa kujerar gwamna ba. Dama tun 1992 gwamnatin Babangida ta ba da damar buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu, amma mu a shagonmu sai a lokacin muka gani a ƙasa. Shirin Inda Ranka ne ya fara kama mu, yau rigimar fili gobe unguwar da ta yi wata babu ruwan famfo, kuma mai unguwar da kansa kake ji yana magana ba wani ke karanto maka ba. Daga nan sai shirin siyasa na Kowane Gauta, to nan fa ake yinta, sojojin baka su shigo kowa da ubangidansa, wannan ya yi wa PDP kirari wancan ya rama wa ANPP, karin magana da habaici kamar ruwa, maigida ya tsayar da keke allura na cikin yadi ya ce "kai yaro ƙaro murya", mai shayin ƙofarmu ya leƙo da ludayi a hannu, kafin ka ce me an cika benci ana musu har a manta da mai kayan da ya zo karɓa.

Ni dai har gobe ina ganin shirin ya yi wa Kano amfani duk da ɓaranɓaramar da wasu ke yi a ciki, don da shi ne mutane irinmu suka daina jin tsoron kiran sunan kwamishina su ce bai yi aiki ba.

A 2006, ana tsakiyar rigimar tazarcen Obasanjo, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ɗora wa tashar Freedom takunkumi, ta hana shirye-shiryen siyasa. Daren farko maigida ya murɗa ya murɗa bai ji komai ba, ya kashe rediyon ya ce a rufe shago. A watan Mayu majalisar dattawa ta yi watsi da tazarce, shirin kuma ya dawo da ƙarfinsa, daga baya ma tashar ta yi rassa a Dutse da Kaduna.

A wannan tsakanin ne wani sojan baka da muke wa ɗinki ya ce in raka shi Sharaɗa ranar ɗaukar murya, ban faɗa wa maigida ba na bi shi. Abin da ya faru a can sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.