Ranar tunawa da Yusuf Khan

7 ga Yuli

Da hantsi na je gaishe da Kawu, na same shi riƙe da waya yana duba tsofaffin hotunan Dilip Kumar, domin a rana mai kamar ta yau ce, a shekarar 2021, jarumin ya rasu a birnin Mumbai yana da shekara 98. Kawu bai taɓa kiransa da wannan suna ba. Yusuf Khan yake ce masa, wato sunan yankan da aka raɗa masa a Peshawar a 1922, tun kafin a raba Indiya da Pakistan. Ɗaya sunan kuwa a kamfanin Bombay Talkies ya samo shi, lokacin da shugabar kamfanin, Devika Rani, ta ɗauke shi ya fito a fim ɗinsa na farko a 1944.

Na yi niyyar mu tattauna a kan aikinsa, saboda a ganina nan ne abin faɗa yake. Mutumin da ya riƙa nutsewa cikin rawar mai baƙin ciki har ta fara taɓa masa zuciya, likita ya ba shi shawarar ya koma fina-finai masu raha, ya cancanci a zauna a yi nazarinsa. Sau takwas ya lashe kambun Filmfare na gwarzon jarumi, Indiya ta ba shi lambar Dadasaheb Phalke, Pakistan kuma ta karrama shi da Nishan-e-Imtiaz a 1998. Amma ban kai ga rufe baki ba Kawu ya karkatar da zancen zuwa ga Madhubala, jarumar fim da Yusuf ya so ya aura, kuma a nan muka yini.

Abin da Kawu ya yi imani da shi shekaru aru-aru shi ne mahaifinta, Ataullah Khan, ya hana auren don kada ya rasa 'yar da ke ciyar da gidansa, kuma Yusuf ya rayu da wannan miki har kabari. Abin da ya tabbata dai shi ne an yi shari'a: mai shirya fim B. R. Chopra ya kai ƙarar Madhubala da mahaifinta bayan uban ya ƙi yarda ta yi tafiya wajen ɗaukar fim ɗin Naya Daur, Dilip Kumar ya ba da shaida a ɓangaren Chopra, daga nan soyayyar ta watse. Ta auri mawaƙi Kishore Kumar a 1960, ciwon zuciya ya yi ajalinta a 1969 tana da shekara 36.

Na ce, "Kawu, ai shi kansa ya yi bayani a littafin tarihin rayuwarsa na 2014. Ya ce uban bai ƙi auren ba, so ya yi ya mayar da su biyun jarin kamfaninsa, shi kuwa ya ƙi."

Kawu ya yi murmushi ya ce, "Kai yaro ne. Namiji yana faɗin duk abin da ke cikinsa a littafi?"

Wannan amsa ta tsaya mini a rai, domin ta nuna cewa mai hasashe ba ya neman bayani. Ko mai abin ya yi magana, sai a ce akwai sauran abin da ya ɓoye. Ni ma ban tsira ba, don kuwa da bakina na tayar da batun aurensa na biyu da Asma a 1981, wanda bai wuce shekara biyu ba, har na ce wataƙila neman haihuwa ne ya kai shi. Ba ni da wata hujja, kawai dai maganar ta yi daɗin faɗa.

Batun haihuwar ne ya kashe mana jiki. Ya auri Saira Banu a 1966, ya girme ta da shekara 22, mutane suka yi ta cewa auren ba zai je ko'ina ba, sai ga shi mutuwa ce ta raba su bayan fiye da shekara hamsin. Ba su bar ɗa ba, kuma an daɗe ana ƙirƙirar dalilai. A littafin nan ya bayyana cewa ta sami juna biyu a 1972, cikin ya kai wata takwas, suka rasa jaririn. Da na gaya wa Kawu haka, sai ya ajiye wayar, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Allah ya jiƙansa." Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban ƙara ba.

Da daddare na nemo wurin nan a fim ɗin Mughal-e-Azam inda Yusuf yake shafa fuskar Madhubala da gashin tsuntsu, wanda ya ce a lokacin ɗaukarsa ko gaisawa ba sa yi. Sau uku ina mayar da shi baya, ina ƙura wa idanunsu ido ko zan kama alamar gaba. Ban ga komai ba, sai yarima da baiwar da yake so.