Katin awo ba ya cewa "ban sani ba"

Aikina a nan Damagaram shi ne haɗa katin da ke karɓar awo daga kaptar, wato ɗan na'urar da ke jin abin da ake aunawa ta mai da shi kuran, yana miƙa wa kwamfuta, yawanci a kan foraj da famfon sola, zurfin ruwa, zafin pano, kuran da famfo ke ja, duk ta cikinsa suke bi. Kuma babban abin da aikin nan ya koya mini shi ne katin nan kullum sai ya ba ka lamba. Ko ba ka jona masa komai ba wallahi za ka ga lambobi suna ta hawa da sauka a allo, don bakin da aka bari a sake yana tsintar kuran da ke yawo kusa da shi, wani lokaci ma ya kwaikwayi na kusa da shi. Shi ya sa in ƙanena masu staj suka ce mini "yaya, yana aiki, ga lambobi nan" sai in ce to wa ya faɗa maka gaskiya suke faɗi?

Maigidana da ya koya mini aikin cewa yake ka tambayi kati abin da ka riga ka san amsarsa. Kamar mai sayen hatsi a Kasuwar Dole ne, tiyar ya kamata ya fara dubawa kafin a soma awo.

To tambayar farko sifili ce. Ka ɗauki guntuwar waya ka haɗa bakin shiga da mas, wato bakin da ke zaune a volt 0, ka bari katin ya ɗan yi ɗumi kamar minti 15, sai ka duba. Ya kamata ya zauna dab da 0, yana ɗan rawa kaɗan. Nawa ne kaɗan, wannan lissafi ne: kati mai bit 12 yana raba awonsa gida 4096, in daga 0 zuwa volt 5 ne kowane gida wajen milivolt 1,2 ke nan, rawar gida ɗaya ko biyu ba komai, amma in ka ga yana tsallen gida ashirin akwai magana. Bayan nan sai pil, sabon pil da aka rubuta 1,5 yakan ba da kusan 1,6, don haka kar ka yarda da rubutun jikinsa, auna shi da miltimetir, na'urar awon kuran ta hannu, tukuna sannan ka ba kati ka gwada su biyun. In katin yana da bakin fitar da volt, ka mayar masa da nasa, ka sa ya fitar da 1, da 2,5, da 4, ka ga ko abin da ya fitar shi yake karantawa. Kuma baki-baki za ka bi, duka, ko da takwas ne ko sha shida. Nan ne mutane ke gajiya su gwada na farko su ce sauran ma lafiya.

Gwajin da lojisiyel, wato manhajar katin a kwamfuta, ke yi da kansa ya rubuto maka komai daidai, yana da amfani amma bai san wayarka ba, bai san kaptar ba.

Inda na fi daɗewa kafin in gane shi ne hayaniyar kuran. Namu 50 hertz ne, wato yana juyawa sau 50 a sakan, kuma doguwar waya da ta bi gefen wayar famfo tana kwaso shi. Abin da ke ruɗa mutum, in kana ɗaukar awo sau 49 a sakan, wannan 50 ɗin zai fito maka kamar wani abu mai hawa da sauka a hankali sau ɗaya a sakan, ka rantse ruwan ne ke motsi alhali ba abin da ya motsa. Dole saurin ɗaukarka ya wuce ninki biyu na abin da ke shigowa, ko ka tace shi kafin ya shiga. Wata dabara mai sauƙi, cire sharjar kwamfutar ta zauna kan batir, in rawar ta kwanta to ta wajen mas matsalar take, katin ba shi da laifi.

Ina son kaptar mai 4 zuwa 20 miliamper saboda wannan hayaniyar. Kuma ka sa masa rezistans, ɗan abin da ke tare kuran, mai ohm 250 sai ya koma volt 1 zuwa 5, ma'ana in ka ga 0 ka san waya ta tsinke ko kaptar ya mutu, ba za ka ɗauka rijiya ce ta ƙafe ba.

Sai yanayinmu. Abin da ka gwada cikin sanyin ɗaki ba lallai ya zauna haka cikin akwatin ƙarfe a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke wuce 40 ko a inuwa, don haka ina maimaita gwajin sifili da na pil a can wurin da rana tsaka. Da hunturu kuma iska ta bushe, jiki na tara caji, ka taɓa ƙarfen mas kafin ka taɓa kati, ga ƙura da ke shiga bakin waya.

Duk gwajin nan ina rubuta shi a kaye da kwanan wata. Garin da aka san wahalar ruwa irin namu, in aka ce zurfin foraj ya sauka da mita ɗaya akwai masu yanke shawara a kan wannan lambar, ko a rage awannin famfo ko a bari, kuma ranar da aka tambaye ni ko katin ne ya karkace ina son in buɗe kaye in nuna ranar da na gwada shi da abin da ya karanta.